Zangon Bonako: Yadda Sanin Juna Ya Ceci Masu Sana'ar Kwamfuta Na Buea

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Duwala zuwa Buea ya ratsa ta Bonako, ko da kuwa bai lura ba. Ƙauye ne a bakin titi, a ɓangaren yankin Littoral, dab da iyakar yankin Kudu maso Yamma inda kogin Mungo ya raba yankunan biyu. Direba ba ya tsayawa nan sai in fasinja zai sauka, kuma ba wani abin da zai ja hankalin matafiyi. To, amma a watannin farko na shekarar 2017 sunan wannan ƙauye ya shiga jaridun ƙasashen waje, saboda wani ɗaki guda ɗaya tak da waɗansu samari suka kama haya a cikinsa.

Abin da ke cikin ɗakin bai taka kara ya karya ba. Tebura ne da kujeru, sai janareto, sai 'yan na'urorin kama intanet waɗanda kowa ke zuwa da tasa. Kullum samarin nan za su sauko daga Buea, su buɗe kwamfutocinsu, su aika wa abokan cinikinsu aikin da suka yi, sa'an nan su kama hanyar gida. Su da kansu suka raɗa wa wurin suna sansanin 'yan gudun hijirar intanet. Mu kuwa da muka tashi cikin labarin fatauci, in aka ce mu ba shi suna, zango za mu kira shi.

Kafin mu zo ga dalilin da ya kai su can, ya kamata mai karatu ya san ko su wane ne su, da kuma yadda aka yi masu kamfanoni dabam-dabam, waɗanda a kasuwa abokan gasa ne, suka iya haɗa kuɗi suka kama ɗaki ɗaya ba tare da rigima ba.

Garin da ke gindin dutse

Buea gari ne mai sanyi da hazo, yana kwance a jikin Dutsen Kamaru, wanda mutanen wurin ke kira Fako, tsayinsa ya haura mita 4,000. Sanyin nan ne ya sa Jamusawa suka mayar da hedkwatar mulkinsu can a 1901. Amma abin da ya sauya garin a zamaninmu shi ne Jami'ar Buea, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, ana koyarwa a cikinta da Turancin Ingilishi. Unguwar Molyko da ke kewaye da jami'ar ta cika da ɗakunan haya na ɗalibai, da shagunan buga takardu, da gidajen intanet inda ake biya a zauna awa ɗaya ko biyu. A irin waɗannan gidaje ne yawancin samarin da muke magana a kansu suka fara koyon rubuta manhaja, galibi ba tare da malami ba, sai dai wanda ya riga ya iya ya nuna wa na kusa da shi.

Ɗaya daga cikin na farko-farkonsu shi ne Churchill Nanje Mambe, wanda ya kafa kamfanin AfroVisioN a 2006, daga baya kuma a 2011 ya fito da Njorku, watau shafin da ke tattara tallan guraben aiki daga ƙasashen Afirka domin mai neman aiki ya same su wuri ɗaya. Ma'anar sunan ita ce giwa. Akwai kuma Fritz Ekwoge, wanda ya ƙirƙiro Feem, manhajar da ke tura hoto ko takarda ko bidiyo daga waya zuwa kwamfuta ba tare da intanet ba. A 2010 aka buɗe cibiyar ActivSpaces, wadda ba don riba aka kafa ta ba. Aikinta shi ne ta ba mai sabuwar dabara tebur da wuta da intanet da mai ba shi shawara, har kamfaninsa ya iya tsayawa da ƙafarsa. Daga baya ta buɗe reshe a Duwala.

Sunan da aka fi sanin wannan jama'a da shi yau shi ne Silicon Mountain. Kwaikwayo ne na Silicon Valley, kwarin nan na jihar Kalifoniya a Amurka inda Google da Apple da Facebook suke. Tun da su Buea ba kwari gare su ba, sai suka ce nasu dutse ne. Ana danganta raɗin sunan ga Rebecca Enonchong, a wani taro da aka yi a Buea a 2013. Ita wannan baiwar Allah 'yar Kamaru ce da ta kafa kamfanin AppsTech a Amurka a 1999, ta kuma shugabanci hukumar gudanarwar ActivSpaces. A gaskiya sunan ya fi mai shi girma, domin kuwa duk kamfanonin Buea in aka haɗa su ba za su cika bene ɗaya na ofishin Google ba. Amma suna linzami ne, kuma ya yi musu amfani, don ya sa 'yan jarida da masu jari suka fara tambaya ina ne wannan wuri.

Taron da ba shi da babban baƙo

Silicon Mountain ba ƙungiya ce mai kati da kuɗin wata-wata irin ta direbobi ko mahauta ba. Abin da ya ɗaure ta shi ne yawan haɗuwa. Akwai babban taron da ake kira da sunanta, akwai na ƙungiyar masu amfani da kayan aikin Google ta Buea, akwai ƙananan zama na yamma a ActivSpaces, sa'an nan akwai wanda ake kira BarCamp, wanda shi ne ya fi ba ni sha'awa.

An fara BarCamp ne a Kalifoniya a 2005, ya iso Kamaru a 2009. Tsarinsa ya saɓa wa duk taron da muka saba. Mu dai mun san in za a yi taro sai an buga kati, an sa babban baƙo da uban taro da shugaban taro, a yi ta jiran mai girma wane har azahar ta yi, in ya zo kuma a ƙare lokaci wajen gaishe-gaishe. A BarCamp babu wannan. Da safe ake kafa allo, duk wanda ke da abin da zai koyar ko matsalar da ta dame shi ya rubuta, a ba shi ɗaki da 'yan mintoci. Ɗalibin aji biyu zai iya tsayawa ya yi bayani, mai kamfani yana zaune yana sauraro, in ya ga kuskure ya gyara masa, in kuma shi ne bai sani ba ya tambaya. Ƙa'idar ita ce kada ka zo kallo kawai.

Wani nau'in zaman kuma shi ne na baje dabara. Ana ba matashi minti uku ko biyar ya faɗi abin da ya ƙirƙiro, wa zai saya, nawa zai ci, kuma ta ina riba za ta fito. Daga nan masu jari da tsofaffin hannu su rufe shi da tambayoyi. Ba kowa ke fita da kuɗi ba, hasali ma kaɗan ne ke samu. Sai dai wanda aka titsiye a gaban jama'a ya kasa faɗin wanda zai sayi kayansa, ya koma gida da darasin da zai hana shi zuba ɗan abin da mahaifinsa ya tara a rijiya. Akwai kuma gasar da ake kulle kai kwana ɗaya ko biyu, a kasa mutane rukuni-rukuni, kowane rukuni ya gina manhajar da za ta warware wata matsala. A nan ne ake gane mai aiki da mai surutu, domin wanda kuka kwana kuna aiki tare ba zai iya ɓoye maka iyakar iliminsa ba.

Wanda ya leƙa daga waje zai ce ai wannan shan lemo ne da rabon riguna masu tambari, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ɗungurungum ba, don akwai tarukan da ba su wuce haka ba. To, amma abin da ke gudana a bakin ƙofa bayan an tashi, shi ne ainihin kasuwar. Nan ne mai kamfanin da kwangila ta yi wa yawa zai ce wa wani, zo ka ɗauki rabi. Nan ne ɗalibi ke samun wurin koyon aiki, a kuma gaya wa juna wane abokin ciniki ne ke biya a kan lokaci, wane ne ke cinye haƙƙin mutane. Shekara da shekaru ana haka, har ya zamana kowa ya san lambar kowa, ya san hannun kowa, ya san wanda za a iya ba ajiya.

Har ila yau zumuncin bai tsaya a Buea ba. A 2011 ActivSpaces na cikin cibiyoyi biyar da suka kafa AfriLabs, tare da iHub da Nailab na Kenya, da Hive Colab ta Uganda, da Bantalabs ta Senegal. Wannan ita ce uwar ƙungiyar cibiyoyin fasaha ta Afirka, ofishinta yana Abuja, kuma daga biyar ɗin nan ta kai ga ɗaruruwan cibiyoyi. Tana yin babban taro shekara-shekara, kowane karo a wata ƙasa. An yi a Accra a 2016, aka yi a Alƙahira a 2017. Amfanin wannan dangantaka ya fito fili a lokacin da ba wanda ya zata.

Ranar 17 ga Janairu

Masu karatu ba su manta da yadda rikicin yankunan masu magana da Ingilishi ya faro ba. Lauyoyi suka fara yajin aiki a watan Oktoba na 2016, malaman makaranta suka bi su a Nuwamba. Gwamnati ta yi ta kukan cewa ana amfani da kafofin sada zumunta wajen yaɗa labaran ƙarya, har aka riƙa turo wa mutane saƙon gargaɗi a wayoyinsu. Ran 17 ga Janairu 2017 aka haramta gamayyar ƙungiyoyin da ke jagorantar yajin aikin, aka kama shugabanninta, a ranar kuma aka yanke intanet a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma baki ɗaya. Ba a mayar ba sai ran 20 ga Afrilu, watau sama da wata uku.

Ba siyasar lamarin ce ta kawo mu ba. Abin da ya shafe mu shi ne yadda abin ya faɗa wa masu neman abinci. 'Yan'uwanmu da ke zaune a Bamenda da Kumba sun ɗanɗana, domin bankuna da wuraren aika kuɗi sun shiga matsala, mai jiran kuɗin kaya daga Duwala ya rasa yadda zai yi. Amma shi ɗan kasuwa mai shago ko ba komai kayansa na nan a kan kanta. Mai rubuta manhaja kuwa, intanet ita ce shagonsa, ita ce hanyar da yake kai kaya, ta nan kuma ake biyansa. Abokin cinikinsa yana Faransa ko Amurka ko Legas, ya ba shi wa'adi, kuma ba ruwansa da abin da ke faruwa a Molyko. Shafin da ya gina wa mutane yana ajiye ne a wata babbar kwamfuta a ƙasar waje, in ya lalace ba shi da hanyar isa gare shi ya gyara. Mako biyu na shiru ya isa abokin ciniki ya nemi wani a Indiya ko Kenya, kuma wanda ya tafi da wuya ya dawo.

Da farko kowa ya kama hanyar Duwala, tafiyar kimanin kilomita 70. Wanda ya san cunkoson Bonaberi da gadar Wuri ya san cewa wannan tafiya tana iya cinye rabin yini. Ga kuɗin mota, ga na abinci, wanda ya ce zai kwana kuma ga na masauki, alhali yawancin kamfanonin nan na mutum uku ne ko huɗu waɗanda da ma da ƙyar suke biyan haya. Reshen ActivSpaces na Duwala ya buɗe ƙofarsa ga waɗanda suka gudo, amma ba kowa ke iya barin iyali ya tare a Duwala ba.

Daga nan ne dabarar Bonako ta fito. Tun da yankewar ta bi iyakar yanki ne, da zarar mutum ya shiga ƙasar Littoral wayarsa za ta kama. Saboda haka ba sai an kai Duwala ba, a nemi wuri mafi kusa da iyaka. ActivSpaces da Njorku suka shige gaba, waɗansu ƙananan kamfanoni suka sa hannu, aka haɗa kuɗin haya da na janareto. Mutanen wannan yanki da ma sun san adashi, wanda suke kira njangi, don haka haɗa kuɗi ba baƙon abu ba ne gare su. Abin lura shi ne saurin da aka yi. Waɗanda suka haɗa kuɗin sun daɗe suna zama ɗaki ɗaya a taruka, kowa ya san wanda zai cika alkawari.

A waje guda kuma abokan da aka yi a tarukan ƙasashen waje suka ɗauki maganar. Aka buɗe gangami a Twitter mai taken BringBackOurInternet, watau a mayar mana da intanet ɗinmu, Rebecca Enonchong na cikin waɗanda suka fi ɗaga murya, masu sana'ar fasaha daga Nairobi da Legas da sauran birane suka amsa. Har jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi kira da a mayar. Ana cikin haka sai ga labarin Nji Collins Gbah, yaro ɗan shekara 17 daga Bamenda, wanda ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci babbar kyautar gasar Google Code-in ta 'yan makaranta. Ya miƙa aikinsa na ƙarshe ana gobe za a yanke intanet, daga baya sai da ya koma wurin 'yan'uwa a Yawunde don ya ci gaba da karatu da aiki. Wannan labari ya zaga duniya, ya kuma sa waɗanda ba su taɓa jin sunan Bamenda ba suka san abin da ake ciki.

Ina namu yaran?

Na ce da farko mu zango za mu kira ɗakin Bonako, kuma ba don wasa na faɗa ba. Kakanninmu da suka biyo hanyar Banyo da Tibati da Yoko da fataucin goro da shanu da tufafi, ba banki suka dogara da shi ba. Falke in ya sauka garin da bai san kowa ba, gidan maigida yake nufa. Maigida ya ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, in ciniki na bashi ne ya tsaya masa. Duk wannan a kan sanayya aka gina shi, kuma da shi aka kafa unguwanninmu, tun daga Briqueterie a Yawunde har New Bell a Duwala da tsohon garin Bamenda. Abin da samarin Buea suka yi da kwamfuta, shi ne abin da muka daɗe muna yi da goro.

Shi ya sa abin ke ba ni mamaki in na dubi yadda yaranmu ke sana'ar zamani kowa shi kaɗai. Je ka Avenue Kennedy a Yawunde, ko kasuwannin waya na Duwala da Garwa da Marwa, za ka tarar da samarinmu suna sayar da waya, suna canza gilashi, suna cire makullin da ya ƙi buɗuwa, waɗansu suna tura kuɗi ta waya. Hannunsu yana da kyau ƙwarai. Amma wanda ya gano wata dabarar gyara sai ya ɓoye ta kamar laƙanin gado, kada maƙwabcinsa ya sani. In kuwa aka tashi kasuwa ko gobara ta ci shago, sai dai a bi dangi da kokon bara. Majalisar shayi muna da ita kowace yamma, sai dai hirar ƙwallo da siyasa ta fi yawa a cikinta.

Laifin ba nasu ne su kaɗai ba. Tarukan fasahar nan da Ingilishi ko Faransanci ake yinsu, yawancin masu zuwa 'yan jami'a ne, kuma yaron da ya yi allo ya wuce kasuwa yana ganin ba wurinsa ba ne, su ma masu shiryawa ba su cika tunawa da shi ba. Ga shi kuma harkar ta taru a kudu, ko da yake akwai jami'a a Ngaundere tun 1993, da ta Marwa tun 2008, da ta Garwa da aka kafa a 2022. Amma tsarin BarCamp ba ya bukatar izinin kowa. Allo ne da alli da ɗakin da za a zauna, kuma ba inda aka ce ba za a yi shi da Hausa ko Fulatanci ba. Mai gyaran waya ya nuna yadda ake gane batir na jabu, ɗalibar jami'a ta nuna yadda ake rubuta lissafin shago a waya, mai tura kuɗi ya bayyana dabarun 'yan damfara da ya gani a wannan wata. Alhazanmu masu jari kuma, waɗanda ba sa jin nauyin sayen tirela ta uku, su zo su zauna su ji, ko da ba za su sa ko dala ba a zaman farko.

Game da Buea kuwa, mayar da intanet a watan Afrilu bai zama ƙarshen wahala ba. A farkon Oktoba na 2017 aka sake toshewa, musamman kafofin sada zumunta, abin ya ja har cikin watan Maris na 2018. Ƙungiyar Access Now mai sa ido kan irin wannan ta ƙidaya kwana 230 in aka haɗa duka. A karo na biyun mutane sun riga sun koyi amfani da manhajar ɓad da sawu da ake kira VPN, saboda haka aiki bai tsaya cik kamar na farko ba. Sai dai a ƙarshen 2017 rikicin ya rikiɗe ya zama na bindiga, ga kuma zaman gida na dole kowace Litinin, wanda ya rage ranakun aiki. Da yawa daga cikin samarin Molyko suka tattara suka koma Duwala da Yawunde, waɗansu suka tsallaka ƙasashen waje. Waɗansu kuma suka ƙi tashi, suka ci gaba da buɗe ofis da koyar da ɗalibai a gindin dutsen, suna shirya taronsu a ranakun da hanya ta buɗe.